Fakon da Awaki Suka Raya

Kai da kake ta rawar ƙafa wai sai ka gayyato manya su ga ɗan abin da kuka gina, zauna tukuna, ɗan'uwa, ka ji abin da ya sami wani tsoho. A wata sabuwar unguwa ta bayan gari, irin wadda kowa ya ja katanga ya ɗora mata waya, an bar fili a tsakiya wai wurin shaƙatawa. Shaƙatawar me? Fako ne ƙeƙasasshe, ko ƙaya ba ta tsira, sai leda da fasassun kwalabe. To akwai tsohon nan, ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan shanu, ƙafa ta gaza, ya dawo zaman gidan ɗansa. Abin da ke ci masa rai, jikokinsa sun san sunan kowace mota, amma ba su iya raba kukan tunkiya da na akuya ba. Ya yi ta sintiri wurin masu kula da filayen unguwar yana roƙon a ba yara wurin su yi kiwo, har suka gaji da ganin fuskarsa. Suka ce ya je ya yi, ai ko jaki aka ba wurin nan sai ya ƙi. Ya tara yaran unguwa, kowa ya lallaɓi iyayensa, wannan 'yar akuya, wancan ɗan rago, marasa hali zomo. Dokarsa ɗaya ce: turke ba ya tsufa wuri guda. A kafa nan, in kashi ya rufe ƙasa a tumɓuke a matsa gaba, yadda makiyaya ke ta da gonar da ta mutu. Yana aikensu tsinto 'ya'yan gawo su ba awaki, don ya san ƙwayar gawo ba ta tsira da daɗin rai sai ta bi ta cikin dabba. Yara suka koyi gane akuyar da ta daina tuƙa, suka koyi karɓar haihuwa, suka koyi kuka ranar da aka yi ɓari. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Shekaru suka ja, yaran farko suka girma suka miƙa wa ƙannensu igiya. Fako ya yi laushi, ciyawa ta kai gwiwa, gawo ya baza inuwa a tsakar rani lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe.

Abu ɗaya ya rage, ruwa. Kullum yara na jan jarka daga nesa. Sai tsoho ya ce bari ya kira manya gab da Babbar Sallah su ga raguna, ko zuciyarsu ta yi sanyi su haƙa rijiyar burtsatse. Aka wanke raguna tas, aka share wuri, aka jera kujeru a gindin gawo. Manya suka zo. Tsoho yana ta nuna ƙaho da kitse, su kuwa idonsu yana ƙasa. Babbansu har ya zare takalmi ya taka ciyawa, ya ce, "Ashe muna da wuri irin wannan?" Ka ji fa, muna da. Ya yi alkawarin ruwa, kuma wallahi ya cika. Rijiya ta zo. Bayanta katanga ta zo, da ƙofar ƙarfe, da fitilu, da allo mai cewa an hana shiga da dabbobi, wai wari yana damun baƙi, taki yana tara ƙuda. Takin da ya haifi ciyawar! Gidajen unguwar duk siminti ne, ba wurin kafa turke, sai mahauta suka yi ta zuwa suna jan dabbobi, har da masu ciki. Tsoho kuwa, don a girmama shi, aka ba shi kaki da sanda ya tsare ƙofa. Ya karɓa, don ba ya iya rabuwa da gawon. Wata rana akuyar jikarsa, ita kaɗai ta rage a unguwar, ta tsinke igiya ta sheƙo inda aka haife ta, ta cusa kai a ƙofa tana kuka, ga 'yan biki a ciki suna ɗaukar hoto, don wurin ya koma na bukukuwa. Aka daka masa tsawa. Ya ɗaga sanda. Yarinyar ta iso tana haki, ta ce, "Kaka, ai gidanta ne." Sanda ta sauka a kan akuyar. Har yau yana bakin ƙofar, kuma ba yaron da ke gaishe shi.

To je ka kira su, ɗan'uwa, ka jera musu kujeru. Amma ka tuna Bahaushe ya riga ya faɗa: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.