Kujerar Dakta Asabe

Tun da aka kafa dokar cewa kowane harshe sai ya sami kujera a majalisar Ƙungiyar Masana Taurari, Dakta Asabe Tanko take jiran ranar nan. Hausawa ita suka zaɓa. Da hantsi ta iso zauren, ta sha lalle har gwiwar hannu.

Shugaban majalisar, Farfesa Bagudu, ya tare ta a bakin ƙofa yana murmushi.

"Ranki ya daɗe, da kin huta abinki. Ai kin daɗe da isowa."

Ta leƙa ciki. Kujeru ne reras, kowace da sunan mai ita, mata da maza, kowace ƙabila. Babu kowa a kansu, amma sai hira suke. Daga wadda ke ɗauke da sunanta muryarta ce ke fita, har da ɗan gyaran muryar da ta gada wurin mahaifiyarta.

"Na amince," in ji kujerar. "A cire sunan Gamzaki daga taswira, a sa masa lamba."

Asabe ta kutsa ciki. Da Gamzaki mahaifiyarta ke tashinta sallar asuba.

"Ƙarya ne!" ta ɗaga murya. "Ni ban amince ba!"

Kujerar ta juyo a hankali, ta sake gyara murya.

"Baiwar Allah, yi haƙuri ki jira a waje. Dakta Asabe tana magana."