Sabulu Mai Kyanwa Uku

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Talata, Baba Oyewumi yana tsaye a bakin shagon Iya Sikira a kasuwar Dugbe, yana ƙirga kwalayen sabulu da bakin biro. Ɗari huɗu da goma sha biyu. Ya rubuta a littafinsa, ya ja layi a ƙasa.

Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin jirgin ƙasa, aka sallame shi da naira miliyan huɗu. Matarsa, Iya Ronke, ta ce a rufa wa ginin da suka tayar a Apata kwano kafin damina, su huta da gorin mai gidan haya. Shi kuwa ya ce a bar kuɗin su haihu tukuna. Shi ya sa ya shiga ajin koyon hannun jari da ake yi duk Asabar a ɗakin taron 'yan fansho.

Malamin, Farfesa Ajibade, ba ya karɓar ko kwabo, wai ilimi ba tumatir ba ne balle a kasa shi. Ya koya wa ɗalibansa su arba'in cewa hannun jari ɗan yanki ne na kamfani: in ya ci riba ka ci, in ya faɗi ku faɗi tare. Daga nan ya gangaro kan bincike.

"Jarida ƙarya, rediyo ƙarya," in ji Farfesa. "Ƙafarka ce kaɗai ba ta yi maka ƙarya. Ka je kasuwa ka gani da idonka ko kayan kamfani na tafiya."

Ya miƙa wa kowa ambulan a liƙe, ciki da sunan kamfanin da zai bincika, da shagon da zai je, da rana da lokaci. Ya gargaɗe su cewa mai bincike ba ya nuna wa na kusa da shi takardarsa, ko da cikinsu ɗaya. Oyewumi ya samu Kamfanin Sabulu Mai Kyanwa Uku.

Matsalar guda ce. A Ibadan ba ka zama mutum na farko a shagon mace da safe, ka gama tambaye-tambaye, sannan ka juya ba ka sayi komai ba. Ka kashe mata cinikin yini ke nan, kuma da baki za ta raka ka har titi.

"Baba mi, kai ne na farko yau," in ji Iya Sikira. "Da ƙirga za ka buɗe min kasuwa? Ƙirga zan dafa wa yara?"

Ita kuma dila ce, ba ta sayar da ɗai-ɗai. Ya ɗauki kwali guda ya hau tasi.

Talata ta zagayo, ɗari uku da saba'in da biyu. Ta gaba, ɗari uku da talatin da biyu. Kwali arba'in cif duk mako, ba ƙari ba ragi. Oyewumi, wanda bai taɓa ganin jirgi ya iso a kan lokaci ba, ya kusa hawaye da ya ga wannan tsari. Kuma ikon Allah, kullum shi ne na farko.

Kwalaye suka cika ƙarƙashin gado, suka hau kan kabad. Sabulun ba ya kumfa, ga shi da cin fata.

"Baba Ronke, kalli hannuna," in ji matarsa. "Wannan sabulu ne ko ruwan batir?"

"Ke ba ki san kasuwa ba. Jama'a na so, lissafi ya nuna."

A mako na huɗu ajin duka ya kama susa. Tsofaffi arba'in, kowa hannu ɗaya na rubutu, ɗaya na cikin riga. Aka ɗora wa kuɗin cizo laifi, aka fitar da bencuna rana.

Da kwalaye suka koma goma sha biyu, Oyewumi ya sa agbadarsa ta zuwa biki ya nufi ofishin dillalin hannun jari. Dillalin ya duba allon kwamfuta, ya dubi tsohon.

"Baba, kwabo ashirin yake. Shekara guda ba wanda ya ko tambaye shi. Duka kuɗin za ka zuba?"

"Ai kun zauna cikin sanyi ne, ba kwa zuwa kasuwa," in ji Oyewumi. "Zuba duka."

Sau uku dillalin yana tambaya, sau uku yana amsawa. Ya fito da hannun jari miliyan ashirin, ya tsaya a hanya ya ci amala har da ƙarin nama biyu.

Ranar Asabar ya tarar da ɗakin taron a kulle, an liƙa takarda cewa karatu ya kammala. Bai damu ba. Talata da sassafe ya isa Dugbe, shagon wayam, Iya Sikira tana shara tana waƙa.

"Iya, yanzu da mai kamfani kike magana," ya ce yana gyara hula. "Yaushe sabon kaya zai iso?"

Ta dafa tsintsiya ta yi dariya har da tari.

"Wane sabon kaya, Baba mi? Masana'antar da aka mayar coci tun bara waccan? Shekara biyu wannan jaraba na kwance min a shago, ko ɓera ba ya taɓa ta. Allah dai ya yi wa maigidana albarka, shi ya ce in bar masa, cikin wata uku zai kwashe min ita. Nawa kawai in ce wa duk wanda ya zo ƙirga shi ne na farko."

Oyewumi ya sauke hannu daga hularsa. Ya tuna ginin Apata a buɗe, ga damina saura wata guda, ya ji tsoron komawa gida irin wanda bai taɓa ji ba.

Iya Sikira ta leƙa bayan labule ta ɗaga murya: "Baba Sikira! Fito ka kama min bencin nan."

Labule ya ɗaga, Farfesa Ajibade ya fito da singileti, asuwaki a baki.