Ledar da Na Faffasa a Al Quoz

Ina 'yar shekara takwas Umma ta tafi da ni sito a unguwar Al Quoz ta Dubai, inda take haɗa kayan da take aikawa Kano. Da la'asar za a rufe kwantena, ga kofunan gilashi shida na wata amarya ba a naɗe ba. Ta zaunar da ni kan kwali ta tafi neman salatif, ta bar ni da ledar nan mai ƙuraje da ake naɗe kayan fashewa da ita.

So nake in san me aka ɗura a cikin ƙurajen. Na fasa ɗaya na shinshina, ban ji komai ba sai warin roba mai zafi. Na ce ƙila yana cikin na gaba. Kafin ta dawo na gama da su kaf, leda ta kwanta kamar ta burodi.

"Umma, an cuce ki," na ce. "Babu komai a ciki."

Ta daɗe tana kallona. "Wannan babu komai ɗin shi na saya. Shi zai kai kofunan nan gida lafiya."

Babu lokacin sayo wata. Ta cire sabon mayafinta, ta yayyaga shi shida, ta ce, "Yalla, miƙo kofi."

Har yau nakan yi mamakin yadda ba ta dake ni ba. Da ɗankwali kawai ta shiga tasi ranar, matar da ko ƙofar fulat ba ta leƙawa babu mayafi. Ta ɗora ni a cinya, ta ɓuya a bayana har gida.