Huhun da Hayaƙi Ya Jeme

A ƙarƙashin katifar jikanta Rashid ne Inna Gana ta tsinci abin. Ba bincike ya kai ta ba, wanki ta shiga kwasowa, don tun da ta goyi jikan nan nata bayan rasuwar uwarsa ba ta yarda wata ta taɓa masa kaya ba. Wani baƙin falle ne mai santsi, an cusa shi can ƙurya. Da ta ɗaga shi a rana sai ga ƙasusuwan ƙirjin mutum a jere, irin hoton da ma'aikatan likita ke kira radiyo.

Ta tofar da yawu. Dama ta daɗe tana zargi. Rigunan yaron kullum warin ƙauri, ko an wanke su da sabulu. Kuma ta san inda 'yan kabu-kabu irinsa, masu haya da babur, ke taruwa bayan kasuwar Dole, tiyon shisha ɗaya yana yawo daga wannan baki zuwa wancan, yawun kowa a jiki.

Ita kuwa ba ta haɗa hanya da ƙazanta ba, balle lalaci. Tun tana amarya take suyar gyaɗa da ƙuli a ɗakin baya, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma, don kada ƙuda ko ƙura su taɓa mata mai. Duk unguwar Birni an san man gyaɗarta. Daminar bara ta zame a bakin famfo, haƙarƙari biyu suka tsage, aka kwashe ta zuwa likita ba ta san inda kanta yake ba. Tana farfaɗowa ta ce a mai da ita gida, wai can wurin ragwaye ne. Washegari tana gaban kasko.

Shi ko yaron sai ƙara lalacewa yake. Ya sayo mata murhun gaz, kamar ita ce ba ta iya hura wuta ba. Ta ajiye shi a lungu, kaza ta yi ƙwai a kai. Ya zare tsumman taga, ta mayar. Ko kunun da ya ɗauri aniyar dama mata kowace safiya ɗaci-ɗaci yake fita, kuma ya tsaya mata a kai sai ta shanye. Wanda taba ta kashe wa harshe ina zai san ɗaci?

Ta yafa mayafi ta nufi gidan Majo Suma'ila, tsohon ma'aikacin likita da ya yi ritaya. Sai da ta huta a dakalin masallaci, ta sake hutawa a gindin itacen bedi, tana zagin takalman roban yanzu masu matse wa mutum ƙafa.

"Na wani yaro ne," ta ce, tana miƙa masa hoton. "Duba mini."

Majo ya gyara tabarau, ya ɗaga hoton a haske.

"Inna, huhu cike yake da jijiyoyin jini, sirara, masu laushi. In hayaƙi ya daɗe yana shiga sai su tsuke. Zuciya ta yi ta tunkuɗa jini da ƙarfi, su kuma su yi ta miƙewa suna kauri, kamar yadda tafin mai daka ke yin kanta. In suka sandare ba sa komawa. Kin ga babbar jijiyar nan ta kumbura, zuciyar ma ta faɗaɗa."

"Hayaƙi ka ce?"

"Na shekara da shekaru. Amma dakata, Inna, wannan ƙirjin..."

Tuni ta kai zaure.

Ta san irin huhun. Ta taɓa yanka shi a cikin wani ragon layya, baƙi ƙirin, wuƙa na gurzarsa kamar tsohuwar fata a majema. Ko karnuka ba ta bai wa ba, rami ta haƙa masa. Ashe irinsa ke kwana a gidanta, yana sa hannu a kwanonta. Ta tsaya ta dafa bango.

Da la'asar Rashid ya kashe babur a ƙofar gida, ya tarar da kayansa a waje, katifa a naɗe. Ya dubi katifar, ya dubi kakarsa.

"Inna, bari in yi miki bayani."

"Majo ya yi mini. Wanda ya ruɓar da ƙirjinsa da hannunsa ba ya kwana ƙarƙashin rufina. Kwashe."

Ya ɗaure katifar a bayan babur. Sannan ya zaro wani ɗan ƙulli daga aljihu ya ajiye a dakali.

"Ɗaya kowace safiya, a cikin kunu. Don Allah, Inna."

Ta sa ƙafa ta shure ƙullin zuwa kwata, fararen ƙwayoyi suka watse. Har da ƙwaya kuma. Ta wanke dakalin da toka da ruwan zafi, ta shige ɗakin baya, ta ja ƙofa, ta tura kara da kashin shanu a murhu. Hayaƙi ya turnuƙe kamar kullum, ta zauna a cikinsa tana juya gyaɗa, ranta ya fara kwanciya.

Sai ta ji sallamar Majo a bakin ƙofar, yana haki.

"Inna, kin bar hoton. Wane ne ya ce miki na yaro ne? Wannan ƙirjin tsohuwa ne, ga ma haƙarƙarinta biyu a tsage."