Ɗagewa ta Bakwai

Tun da aka kafa dokar, duk gidan da ke da mai jiran jarrabawar shiga makarantar likita, kyauta ake duba majinyacinsu. Amma sau ɗaya ake rubuta jarrabawar a rayuwa, ko da yake ana iya ɗage ta duk shekara. Wanda ya faɗi, ranar za a karɓe musu katin asibiti.

Hansatu ta bi layin rajista da hantsi, tana tura mahaifinta a keken marasa lafiya. Jibi ne wankin ƙodarsa.

"Bana ki rubuta, don Allah," in ji Malam Tanimu. "Littattafan nan kin haddace su kamar Fatiha."

"Baba, in na faɗi fa?"

"In kin ci fa?"

Matar da ke gabansu ta dangwala yatsa a na'ura, littafi a hammata, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta.

"Ɗagewa ta ashirin da shida," in ji na'urar.

Layi ya zo kan Hansatu. Baba ya riƙe mata hannu. Tari ya sarƙe shi, sai ya saki.

Ta dangwala.

"Ɗagewa ta bakwai," in ji na'urar. "Sai baɗi, likita."