Alewa Mai Ƙauri

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta da ɗuminta.

Sukarin alewar jikoki ya fara tafasa, Kaka na juya shi da ludayi. Babban ɗanta na tsaye a ƙofar kicin. Ya riga ya yanke hukunci: in ta sake ƙona tukunya, ita da murhu sai dai kallo.

"Inna, hayaƙi nake gani."

"Tururi ne, sarkin sa ido. Matsa ka ba ni haske."

Idonta ya daina rabe ja da baƙi, sai tsoro ya sa ta sauke tun sukarin bai yi duhu ba. Alewa ta fito garau. Ta yayyanka, ta ƙulla wa kowane jika tasa.

Autarsu ta tsotsa, ta yatsine fuska.

"Kaka, wannan ai ta kanti ce. Ina tamu mai ƙauri?"

Ɗan ya ɗanɗana. Shi ma ba wannan ya tashi yana sha ba. Ya miƙa wa Kaka ashana.

Har yau Kaka na ƙona alewarta, jikoki na wawaso, ɗanta kuwa shi ke kankare tukunya.