Farar Rigar Bin Ubangida

Ranar da ubangidansa ya mutu, ɗana ya miƙo min farin yadi.

"Inna, ɗinka min riga. Gobe zan bi shi."

"Bi shi ina, sakarai? Ya daɗe da yin sabon masoyi. Ko sunanka ba ya tunawa!"

Ya nuna min tabon hannunsa, inda shi da ubangidan suka haɗa jini suka rantse ko mutuwa ba ta raba su. "Ni samurai ne, Inna, barde mai cika alkawari. Ban manta ba."

Na ɗinka, na kunna wa Buddha, abin bautarmu, turare. Da safe ya sa rigar, ya farke cikinsa da wuƙa, aka binne shi wajen ƙafafun ubangidan.

Sabon masoyin kuwa yana nan garau. Jiya ya aiko, wai ɗinkin ya burge shi, in yi masa rigar biki.